Makulli a Gurbin Maɓalli: Yadda Za Ki Shigo da Salon Mafarki Cikin Suturar Yau da Kullum

Akwai wata baƙar abaya da na fi shekara uku ina sakawa, ba wanda ya taɓa ce mini uffan a kanta. Wata rana na cire maɓallan hannunta, na ɗinka ƙananan makullai uku-uku a gurbinsu, irin waɗanda kwaɗonsu ya daɗe da lalacewa suka zauna a gwangwani suna jiran ranar zubarwa. Ranar da na fara fita da ita, wata dattijuwa a adaidaita sahu ta kama hannuna ta jujjuya, ta ce, "'Yar nan, waɗannan me suke buɗewa?" Har na sauka tana kallon hannun tana murmushi. Tun daga ranar nake neman irin wannan tambaya a duk abin da na ɗinka wa kaina.

Turawa suna kiran wannan hanya suriyalizim. Ni na fi son in ce mata salon mafarki, domin da mafarki ta fi kama. A mafarki kina ganin abin da kika sani sarai, buta ko tsani ko ƙofar ɗakin kakarki, amma a wurin da ba nasa ba, kuma komai yana tafiya lafiya lau, sai kin farka mamaki zai zo. Abin da za mu yi wa sutura ke nan: abu ɗaya sananne, a inda ba a zata ba, an yi shi da tsabtar aikin da ba mai cewa kuskure ne.

## Inda abin ya faro

A 1924 wani marubuci Bafaranshe, André Breton, ya fitar da takardar manufar wannan tafiya a birnin Paris, shekara shida bayan ƙarewar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shi da abokansa sun ga inda wayo da lissafin manya suka kai Turai, sai suka ce bari a saurari mafarki da abin da ke kwance a ƙarƙashin zuciya. Akwai maganar wani mawaƙi da ya riga su, Lautréamont, wadda suke yawan maimaitawa idan za su kwatanta kyau: haɗuwar ba-zata ta keken ɗinki da laima a kan teburin fiɗa. Keken ɗinki yana cikin zancen tun ranar farko.

Wadda ta ɗauko tunanin ta ɗora a jikin mutane ita ce Elsa Schiaparelli, 'yar Italiya da aka haifa a Roma a 1890, ta kafa sana'arta a Paris. A 1927 ta fito da baƙar rigar sanyi ta saƙa mai farin ɗauri a wuya. Daga nesa sai ki rantse ƙyalle aka ɗaura, sai kin matso ki ga a jikin rigar aka saƙa hoton ɗaurin, kuma mata Armeniyawa mazauna Paris ne suka yi mata saƙar. Wannan riga ita ta fito da sunanta. A 1936 ta yi kwat mai aljihuna kamar durowar tebur, har da mariƙai, wasu suna buɗewa wasu na ƙarya ne, tunanin da ta samo daga zanen Salvador Dalí, mai zanen nan ɗan Sifen da ya zana agoguna suna narkewa a 1931. A shekarar ta yi baƙar safar hannu mai jan farce a kan yatsu. A 1937 ita da Dalí suka yi hula mai siffar takalmi mai tsini a kife a ka. A 1938 suka yi doguwar riga da aka buga wa hoton yagewa, alhali ko zare ɗaya bai tsinke ba. Ta rufe gidan ɗinkinta a 1954, daga baya aka farfaɗo da shi, kuma tun 2019 wani Ba'amurke, Daniel Roseberry, ke jagorantarsa.

Ki nemi hotunan kwat-kwat ɗinta a intanet ki duba da kyau. Abin da ya fi burge ni shi ne natsuwar yankansu: dogon hannu, launi mai duhu, kafaɗa a zaune. Duk ƙiriniyar tana cikin maɓalli ɗaya ko aljihu ɗaya. Saboda haka ban yarda da masu cewa wannan salo sai mai fitar da jiki ba. Mai abaya da mayafi ta fi kowa filin yinsa, tunda yadinta ya fi yawa kuma ya fi shiru.

Idonmu ma ba baƙon irin wannan ba ne. Babbar rigar da ake ji da ita, asake aka jera mata a ƙirji, ana ce wa aikin aska takwas. Muna da hula haɓar kada. Maginan Zariya da Kano sun daɗe suna fito da keke ko agogo ko takobi a fuskar bangon gida. Atamfa kuwa ba a magana, wa bai taɓa ganin mace sanye da fanka ko tsintsiya ko laima tun daga wuya har idon sawu ba? Kowanne da nasa dalili da tarihi, ba Breton ne ya koya musu ba. Ina dai nuna miki ba daga sama za ki faɗo wa mutane ba.

## Fara da tara abubuwa, ba da sayen yadi ba

Kafin ki kashe ko kwabo, ki samu kwanuka biyu da takarda. A kwano ɗaya ki zuba ƙananan takardu ɗauke da sunayen kayan gida guda ashirin: ludayi, tsani, kwaɗo, almakashi, mataji, fitila, agogo, taga, ashana, wata, girgije, duk abin da idonki ya sauka a kai. A ɗaya kwanon ki zuba sassan sutura: wuya, bakin hannu, aljihu, kalmasa, baya, shafi, gefen mayafi, jaka, takalmi. Ki rufe ido ki ɗauki ɗaya nan ɗaya can. Tsani da baya. Ashana da aljihu. Taga da shafi. Ki rubuta duk abin da ya fito, har wanda kika ga shirme ne, ki bar shi ya kwana.

Su Breton suna da wasa makamancin wannan: mutum ya zana kai ya naɗe takardar, na biyu ya zana gangar jiki bai ga na farko ba, na uku ya zana ƙafafu, sannan a warware. Amfaninsa shi ne ya ƙwace zaɓi daga hannun al'adar ido, wadda in an bar ta kullum fure za ta zana. In kuna da yawa a gida ku gwada shi da hoton riga, yara sun fi manya iyawa nesa ba kusa ba.

Washegari ki tace. Ni ma'aunina uku ne. Shin wanda ya gani zai gane abin nan take? Makulli kowa ya san shi, amma wani ɓangaren inji da sai an yi bayani ba zai yi aiki ba. Shin siffarsa tana fita da layi kaɗan? Laima da tsani da almakashi suna fita, babur ba ya fita. Na uku, shin zan iya shiga gaban surukata da shi hankalina kwance?

A nan ne ya kamata a yi maganar abin da za a bari. Masu wannan salo a Turai suna son ido da leɓe da ƙwarangwal da ƙwari. Malamai da yawa a wurinmu suna hana hoton abu mai rai a tufafi, musamman wanda za a yi salla da shi, kuma ni ban ga asarar komai ba in an bar shi, domin kayan da ba su da rai sun ishe mu har mu gaji. Ido guda ɗaya kuwa ki nisance shi gaba ɗaya, kin san fassarar da za a yi masa kafin ki kai bakin titi. Haka wuri da ƙaho da ƙulle-ƙullen fata masu kama da laya, za su kai zancen inda ba ki nufa ba. Schiaparelli ta taɓa buga yadi da hoton jaridun da suka yi rubutu a kanta. In kin so gwada irin wannan, ki karanta kowane layi, kada sunan Allah ko aya ta shiga rigar da za a zauna a kai a shiga bayi da ita.

## Shimfiɗa

Abin mamaki ba ya fita sai a kan shiru. Ki zaɓi yadi mai launi ɗaya: baƙi, ruwan toka, shuɗi mai duhu, ruwan ƙasa, fari. Yanka kuma wanda kowa ya sani, doguwar riga ko abaya ko bubu. Leshi mai duwatsu da shadda mai aiki sun riga sun cika da surutunsu, duk abin da kika ɗora musu nutsewa zai yi.

Gwajin farko kada ki yi shi a sabon yadi. Ki shiga wurin 'yan gwanjo, in a Kano kike Kofar Wambai ta ishe ki, ki ɗauko riguna biyu na auduga masu arha. A kansu za ki yi ɓarnar koyo.

## Maɓalli, mafi sauƙin ƙofa

Ki fara da maɓalli domin ana gama shi a yini guda, in bai yi ba kuma a warware. Tsofaffin makullai sun riga sun zo da huda. Fuskar mataccen agogon hannu, mai gyaran agogo zai ba ki da ɗan kuɗi kaɗan, ya kuma huda miki gefe biyu. Akwai ƙaramin cokalin shayi da maƙeri zai yanke ya lanƙwasa, akwai ƙananan kwaɗuna irin na akwati.

Kada ki ɗora wa abin adon nauyin rufe riga. Ki sa maɓallin dannawa ko zif a ɓoye ya yi aikin, makullin ya zauna a sama yana kallon mutane. Ƙarfe yana da nauyi, saboda haka ki manna ɗan ƙyalle mai kauri ta ciki, faɗin inci ɗaya, a daidai inda za ki ɗinka, in ba haka ba yadin zai zazzago ya yi baki. Ki ninka zaren huɗu. Sannan tsatsa: ki goge ƙarfen da toka da lemun tsami, ki shanya shi ya bushe ƙarau, ki shafa masa man farce marar launi sau biyu. Na taɓa tsallake wannan mataki a wata farar riga, damina ɗaya ta bar mini jan tabo uku da har yau ba su fita ba. In abin ya fi makulli nauyi, ki ɗora shi a kan fil ya zama na cirewa.

Adadi ma yana magana. Uku a jere ko biyar sun fi shida daɗin kallo. Akwai kuma dabarar da na fi so: maɓallai huɗu na kowa da kowa, na biyar kaɗai ya zama agogo. Mai kallo sai ya bi layi yana ƙirga, ya yi tuntuɓe a ƙarshe.

## Ruɗin ido

Nan ne zuciyar aikin, nan kuma ya kamata ki ɓata lokaci. Ruɗin ido shi ne abin da Schiaparelli ta yi da rigar 1927: ki zana abu a jikin yadi har ido ya ɗauka na gaske ne. Sarƙar wuya da babu ita, aljihun da hannu ba ya shiga, ɗamarar da ba ta kwancewa, almakashin da ya leƙo daga aljihu. Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe, aljihun ƙarya da mataji ya leƙo daga cikinsa.

Ki wanke rigar tukuna ki goge, domin sabon yadi yana da sitati da ke hana fenti kamawa, kuma yana tsukewa a wankin farko. Ki ɗauko mataji na gaske ki kwantar a takarda ki bi gefensa da fensir. Girman gaskiya shi ne rabin ruɗin, in kika rage ko kika ƙara ido zai gane hoto ne. Ki zana aljihun, faɗin inci biyar tsawon inci shida, matajin ya fito inci biyu sama da bakinsa, a ɗan karkace yadda abu yake zama in an jefa shi aljihu da sauri.

Ki yanke takardar, ki sa rigar a jikinki, ki tsaya gaban madubi ki maƙala ta da fil. Kada ki zaɓi wuri rigar tana shimfiɗe a tabarma, jiki yana da tudu da kwari, abin da ya miƙe a ƙasa yana karkacewa a jiki. Ki ɗaga hannu, ki zauna, ki yafa mayafinki yadda kika saba, ki ga ko yana nan ana ganinsa. Sai ki cire ki bi gefen takardar da allin tela.

Daga nan hanya biyu ce, zare ko fenti. Zare ya fi daɗewa kuma ya fi kama da kayanmu. Ki ɗame yadin a zoben katako irin na masu surfani, ki bi layin aljihun da ɗinki biyu a jere kamar yadda keke yake yi wa aljihun gaske, ki cike matajin da zare mai sheƙi. In fenti kika zaɓa, ki tabbata na yadi ne, wanda masu buga riguna suke amfani da shi. Ki zura kwali cikin rigar kada ya ratsa zuwa baya, ki shafa siriri ki bari ya bushe ki sake, maimakon ki lafta sau ɗaya ya tsattsage. Ki bar shi kwana ɗaya cur, sannan ki juya rigar ki goge ta baya da dutsen guga mai zafi, ba ruwa, na kamar minti huɗu. Zafin ne yake kama fentin.

Saura inuwa, wadda mafi yawan masu koyo suke mantawa, kuma ita ce take ta da abu daga kwance. Ki yanke shawara daga ina haske yake zuwa, a ce daga sama ta hagu. To kowane abu zai sami siririn layi mai duhu a ƙasansa da damansa, faɗin bai kai rubu'in inci ba, da launin da ya fi yadin duhu kaɗan. Baƙi wuluk yana kashe ruɗin, sai in yadin mai duhu ne sosai. A inda matajin ya shige aljihu inuwar ta fi kauri. A gefen da haske yake bugawa ki ja ɗan farin layi guda. In yadin baƙi ne inuwa ba za ta fito ba, sai ki juya dabarar, ki yi aiki da haske kaɗai, ruwan toka da fari. Ki ajiye matajin gaske a kan rigar kusa da taga ki kalli yadda inuwarsa take faɗuwa, shi zai koya miki fiye da ni.

In wannan ya zauna a hannunki, sauran duk 'yan'uwansa ne. Yagewar ƙarya irin ta 1938 ana yin ta da ƙyalle biyu: mai haske a matsayin abin da ya bayyana a ciki, da ɗan harshe na yadin rigar da aka ɗinka yana reto kamar ya yage. Tsani kuwa layi biyu ne da matakai, ya taso daga kalmasa ya hau bayan riga ya ɓace ƙarƙashin mayafi.

## Girma, da sauya abin da aka yi abu da shi

Wata hanyar ita ce ki bar abu a wurinsa ki sauya girmansa. Maɓalli guda mai faɗin murfin kofi a wuyan bubu. Aljihu guda da ya kama daga ƙugu zuwa gwiwa. Ko akasin haka, 'yar ƙaramar riga mai tsawon yatsa, an ɗinka ta da yadin rigarki sak, an rataye ta a ƙirji a kan igiyar shanya ta zare. Wannan ta ƙarshe yara ba sa barin ta wuce.

A 1936 wata mai fasaha, Meret Oppenheim, ta lulluɓe kofin shayi da faranti da cokali da fata mai gashi. Kofin bai sauya siffa ba, amma duk wanda ya gani sai ya ji gashi a harshensa. Darasin shi ne taɓawa ma tana mafarki. Tef ɗin awo na tela yana zama ɗamara ko bakin hannu. Faifai biyu ƙanana, in baduku ya haɗa su da fata ya sa zif, sun zama jakar biki. Ƙaramar ƙwarya mai murfi ma haka, ya yi mata shafi da maɗauri. Dukawan Kasuwar Kurmi sun iya abin da ya fi wannan wuya, ki dai kai musu zane da awo. Kada ki raina kayan gida: a 2007 kamfanin Louis Vuitton ya fito da jaka mai kamar Gana-mas-go ɗin da muke zuba kayan wanki, ya buga tambarinsa ya sa mata kuɗi masu yawa.

Atamfa tana da nata amfani a nan, amma da almakashi. Maimakon ki ɗinka turmi guda mai fanka ɗari, ki yanko fanka ɗaya tak, ki bar rabin inci kewaye, ki manna mata farin ƙyallen nan mai gam da dutsen guga don kada ta zare, ki ɗora a baƙar riga ki bi gefen da ɗinkin zigizag. Sai ki ja wayarta da zare ta sauka har cikin aljihu. Teloli suna zubar da irin waɗannan ƙyallaye buhu-buhu, roƙa kawai za ki yi.

Wadda ba ta son a kalle ta a titi, shafi nata ne. Waje baƙar abaya, ciki shuɗin sama da farin girgije, irin sararin da René Magritte ɗan Beljiyam yake yawan zanawa. Ba mai gani sai iska ta ɗaga gefe, ko kin cire a cikin mata. Masu rini a Kofar Mata za su iya fitar miki da shuɗi mai dabbare-dabbaren fari in kika ƙulle yadin wuri-wuri kafin a tsoma.

Ɗan'uwa, kai ma ba a bar ka a baya ba, sai dai filinka ya fi ƙunci. Maɓallan hannun kaftani za su iya zama fuskar agogo. A bakin aljihun ƙirji a yi maka biro na zare, kusa da biron gaske. Mai ɗinkin hula zai iya saka tsani ko makulli cikin zanen da ya saba, da zaren da ya yi kusa da launin hular, sai wanda ya zauna kusa da kai zai lura.

## Zama da tela

Wannan mataki ya fi kayar da mutane. Tela ya shekara ashirin yana koyon kada aljihu ya karkace, ke kuma kin zo kina so ya karkatar da shi da gangan. Na taɓa ba da ɗinki na ce a sa kwalar riga a kalmasa, can ƙasa. Da na je karɓa na tarar an mayar da ita wuya, mai ɗinkin yana ce mini, "Hajiya, na ga kin yi mantuwa a zanen, na gyara miki." Da zuciya ɗaya ya yi, kuma laifin bayanina ne.

Tun daga nan ga yadda nake yi. Ina kai zanen a girmansa na gaskiya, a manne da fil a inda nake so. Ina faɗa da bakina, "Malam, na san ba haka ake yi ba, haka nake so." In yankan sabo ne, muna gwadawa a akoko ko wani yadi mai arha kafin a taɓa na kirki. Ina tambayar kuɗin aikin tun farko in kuma ƙara, domin abin da hannu bai saba ba yana cin lokacin riga biyu. Ba na kai irin wannan aiki daga tsakiyar azumi zuwa salla, ko ana gobe biki, lokacin da tela ko barci ba ya samu. Sannan ina duba ƙarshen aiki fiye da kullum. Zare ɗaya da ya yi reto a rigar kowa ba komai ba ne, amma a rigar da aka sa kwala a ƙasa shi zai sa a ce tela ne bai iya ba.

## Fita da shi

Kafin ki fita, ki sa kayan duka har mayafi da jaka da takalmi, ki ba wani waya ya ɗauke ki hoto daga taku biyar, sannan daga taku ɗaya. Daga nesa ya kamata a ga mace cikin shiga ta kamala. Daga kusa abin ya bayyana. In tun daga nesa shi ake fara gani, ya yi yawa ga ranar aiki, ki ajiye shi sai biki. Kuma abu ɗaya a fita ɗaya: ranar jakar faifai, rigar ta yi shiru, ɗankunne ya zama ƙarami.

Ki tuna mayafi da hijabi suna rufe ƙirji da kafaɗa, saboda haka wuraren da suka fi amfani su ne bakin hannu, ƙasan riga, gefen mayafin kansa, jaka da takalmi. Ki tuna da zafi kuma. A watan Afrilu ƙarfen da rana ta buga yana ƙuna, kada ya taɓa fata kai tsaye, fenti mai faɗi kuma yana toshe iska, ki bar manyan zane sai hunturu.

Wuri ma yana da hukunci. Gidan gaisuwar mutuwa da dubiya a asibiti ba wurin sa mutane murmushi da riga ba ne. Salla kuwa, ya zo a Bukhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla da wani mayafi mai zane, da ya idar ya ce a kai wa Abu Jahm shi a karɓo masa marar zane, domin ya ɗauke masa hankali. Abin da aka ƙera don ya ja ido zai ja na wadda ke bayanki a sahu. Shi ya sa nake son ado na cirewa, ko wanda hijabi yake rufewa ruf.

Za a tambaye ki, wasu da sha'awa wasu da tsokana. Ba sai kin kawo tarihin Paris ba. "Makullan gidanmu na da ne" ta isa, ko "ni na zana." In babba ne ya nuna bai ji daɗi ba, ki saurara, wani lokaci ya hango fassarar da ke ba ki hango ba.

Wanki da hannu, da ruwan sanyi, rigar a juye. Ki cire duk abin da ke kan fil tukuna. Kada ki murɗa wurin fenti ko ki ba mai bugu, ki matse a hankali ki shanya a inuwa. Guga kullum ta baya, in kuma aikin zare ne ki shimfiɗa tawul a ƙasa don kada ya kwanta. Fuskar agogo ba ta son ruwa ko kaɗan, ki warware ta kafin wanki ki mayar bayan guga, aikin minti biyar ne. Makullan da kika shafa wa man farce kuwa ki duba su duk bayan wanki biyar ko shida, da zarar kin ga ja ya fara fitowa a bakin hudar ki cire, ki goge, ki sake shafawa kafin ya sauka a yadi.